Tagwayen da Wutar Jatau Ta Haifa

An ce wai a can baya, zamanin da ciyawa ta fi mutane yawa a ƙasar nan, an yi wani ƙauye da ake kira Kwarin Gamba. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba, domin daga bayan gonakinsu ta gabas har inda ido ya gaji, ba abin da ake gani sai gamba da tsaure, masu shanye doki da mahayinsa. Da damina wannan ciyawa arziki ce, da ita suke jinka, da ita suke saƙa zana, ita dabbobinsu ke ci. Amma da zarar ruwa ya ɗauke ta bushe, sai ta zama maƙwabciyar da ba a juya wa baya. Babu gida a garin da ba shi da labarin wata shekara da wutar daji ta bar su da rumbu wayam.

Saboda haka kakanninsu suka kafa doka. Daga ranar da dawa ta fara nuna har ranar da aka shigar da damin ƙarshe, ba mai kunna wuta a daji, ko da ta gashin gyaɗa ce. Dokar gajeruwa ce, kowa ya haddace ta tun yana ƙarami: "Wuta ta mai kunna ta ce, abin da ta haifa nasa ne." Abin da aka saba fahimta da ita shi ne, wanda wutarsa ta ci amfanin wani sai ya biya, in ba shi da abin biya a karɓi gonarsa a ba wanda ya cuta. Manomi kuwa in an raba shi da gona, ba sai an ce masa ya bar gari ba.

A garin akwai wani magidanci mai suna Jatau. Gona ɗaya gare shi, wadda ya gada daga ubansa, ita ce cinsa da shansa, shi da matarsa Tabawa da 'ya'yansu mata ƙanana. Irin mutanen nan ne da hannunsu ke riga bakinsu, ba ya dogon zance, ba ya kuma iya kallon abu yana lalacewa ya wuce. Yana da maƙwabci da ya girme shi, sunansa Arzika, wanda gonarsa ce ta ƙarshe ta gabas. Bayanta daji ne, gabanta kuma burtali, wato hanyar da shanu ke bi, wadda kofato ya tattake har ba ta fid da ciyawa. A ɗaya gefen burtalin nan rumbunan gari suke a jere. Mutanen sun fitar da su daga cikin gidaje ne don tsoron wutar murhu, ba su lura sun guje wa ƙarama sun kai abincinsu ƙofar babba ba.

A shekarar da abin ya faru, zazzaɓi ya kwantar da Arzika daidai lokacin girbi. Kowa ya kai amfaninsa rumbu, shi kuwa da ƙyar ya samu ya yanke dawarsa ya ɗaure. Dammunan suna nan tare a tsakiyar gona, cikin busasshen kara, yana jiran aron jakuna.

Ran nan da rana tsaka, iska tana busowa daga gabas da ƙarfi, sai aka hango hayaƙi ya tokare sama. Har yau ba a san wanda ya kunna wutar ba. Wasu sun ce masu cin zuma ne, wasu sun ce mafarautan gafiya ne daga wani gari, ita dai ba ta tsaya faɗin sunan ubanta ba. Kafin ka ce me, shirwa sun cika sama suna cafke farin da ke tashi, zomaye da macizai suna ƙetare gonaki tare ba mai kula wani. Maza suka fito da ɗanyun rassa yadda aka saba, amma wutar da ta fi ɗaki tsayi ba a dukanta da reshe. Tun daga nesa zafinta ya maido su bakin burtali.

Sarkin Noman garin yana cikinsu, wani mai suna Kwasau, wanda rumbunansa suka fi na kowa yawa da girma. Ya dubi wutar, ya dubi rumbuna, ya ce, "Burtalin nan ba zai tsayar da ita ba, tsallake shi za ta yi. Irin wannan sai an tare ta da 'yar'uwarta."

Kowa a wurin ya san abin da yake nufi, don dabara ce ta tun iyaye da kakanni. A kunna ƙaramar wuta a bakin fili, ta cinye kara da ciyawar da ke gaba, in babbar ta iso ta tarar ba abin ci sai ta mutu. Kowa kuma ya san abin da ke gaban burtalin, gonar Arzika ce da dammunansa. Kowa ya san doka. Sai aka tsaya kallon kallo, kowane da ƙyastun kunna wuta a aljihu, kowane hannunsa ya yi nauyi. Shi kansa Kwasau da ya faɗi maganar, nan take ya tuna yana da tsohuwa a gida, ya juya. Sauran suka rufa masa baya, aka shiga kwasar yara da tabarmi ana gangarawa rafi.

Jatau kaɗai ya rage. Ya tsallaka burtali, ya iske Arzika da matarsa suna jidar dammuna a ka. Sun fitar da 'yan kaɗan, tarin kuwa ko alamar raguwa bai yi ba.

Ya ce, "Yaya Arzika, ku fita daga gonar nan, zan sa mata wuta."

Arzika ya sauke damin da ke kansa, ya ce, "Jatau, kana cikin hankalinka kuwa? Abincin gidana ne na shekara. Ka ba ni ɗan lokaci, ko rabi in kwashe."

"In na jira ka kwashe rabi, tawa ba za ta samu tazarar da za ta ci ba. Babbar za ta haɗa da kai da dawar da rumbunan gari duka. Ka yi haƙuri, Yaya."

"Haƙurin za mu tuƙa mu ci? Don Allah, don zaman tare, ka bar ni in ƙara ko sawu ɗaya."

Jatau ya durƙusa ya ƙyasta, ya kunna tsumagiyar kara, ya bi bakin burtali da gudu yana dangwala wuta. Matar Arzika ta ja mijinta da ƙyar suka fita. Ni dai ban san abin da ya fi wannan ciwo ba, mutum ya tsaya da idonsa yana kallon gumin damina guda yana ci, kuma wanda ya sa wutar ba maƙiyinsa ba ne.

Ƙaramar wuta ta ratsa gonar, ta cinye kara, ta cinye tarin dawa, ta je ta gamu da babbar a can gefen daji. Suka haɗu suka tashi sama gaba ɗaya, sannan suka faɗi, don ba abin da ya rage a tsakaninsu sai toka. Amma iska ta yi ta jefo tartsatsi ƙetaren burtali, kan jinkar rumbuna. Jatau ya yi ta bin su yana kashewa. Da reshensa ya ƙone ya tuɓe riga, da rigar ta ƙone ya sa hannu. Da mutane suka dawo daga rafi, sai suka tarar da rumbunansu a tsaye ko ɗaya bai ci ba, suka tarar da Jatau zaune a ƙasa ya ɗaga hannuwansa sama, fatar ta saluɓe.

A ranar an yi masa sannu, an sa masa albarka, har wata tsohuwa ta kawo man kaɗanya. Sai dai godiyar ba ta yi tsawon rai ba. Da gari ya natsu, aka ga gidan Arzika ba hayaƙin girki, aka fara tambayar wanda zai ciyar da su har wata kaka. Tambayar tana da nauyi, kowa ya ga tana iya faɗowa a kan rumbunsa, sai kowa ya tuna da doka. Kwasau ne ya fara faɗa a dandali cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba a jima ba maganar ta zama ta gari, cewa Jatau ya kunna wuta a lokacin hani, rumbunsa ko rabin asarar ba zai biya ba, don haka gonarsa ta zama ta Arzika.

Tabawa ta ji zancen a bakin rijiya. Ta dawo ta tarar da mijinta kwance da hannuwa a naɗe, ta ce, "Malam, wai gonar za su karɓa. Mutanen da ka ƙona hannunka a kan jinkarsu." Ya ce mata ya san dokar tun kafin ya durƙusa. Ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta, don kada yaran su gani.

Mai gari ya ga maganar ta fi ƙarfinsa, ya aika birni wurin Alƙali Malam Hambali. Shi wannan alƙali tsoho ne mai sanyin murya, ba ya yanke hukunci sai ya bar kowa ya gaji da magana, don yana cewa gaskiya a wutsiyar zance take fitowa. Ya ce ba a shari'ar gona a zaure, ya hau alfadarinsa ya zo da kansa. Ya zaga gonar Arzika toka na shanye masa takalmi, ya tsaya ya daɗe yana duban inda wutar biyu suka gamu, ya juyo ya dubi rumbuna. Sannan ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin burtali, gari duka ya taru.

Aka fara da Arzika. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban ce Jatau mugu ne ba. Tare muka tashi, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Amma na roƙe shi ya ba ni lokaci ya ƙi, kuma da ya bar ni da na fitar da abin da za mu kai bazara da shi. Yau a gidana ba abin da za a sa a turmi. An ce niyyarsa mai kyau ce, na yarda, sai dai 'ya'yana ba za su ci niyya ba. Ba gonarsa nake kwaɗayi ba, amma in ita ce kaɗai abin da doka za ta ba ni, ba ni da bakin da zan ce ba na so."

Alƙali ya juya ga Jatau. Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, duk abin da ya faɗa haka ne. Ni na kunna, ya roƙe ni, ban saurare shi ba. Sarkin Noma ne ya ce sai an tare ta da 'yar'uwarta, na ga kowa ya watse, na ga in ban yi ba babu mai yi. Gonar nan a cikinta aka yanke cibiyata, ban san wata sana'a ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Kwasau ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, doka ce, ba mu muka kafa ta ba, tarar da ita muka yi. In yau aka ɗaga wa Jatau ƙafa, gobe kowane mai neman gafiya zai cinna wa daji wuta ya ce ceton gari ya yi. Muna tausayinsa, amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa."

Alƙali ya ce, "Wannan shari'a ƙaho biyu gare ta, kowanne na kama ɗayan zai soke ni. In na wanke Jatau, na bar Arzika da yunwa ba da laifinsa ba, na kuma karya dokar da ta tsare ku tun kakanni, Sarkin Noma bai yi ƙarya ba a nan. In na karɓi gonarsa, na koya wa 'ya'yanku cewa ranar da wuta ta zo, mai hankali shi ne wanda ya riga kowa isa rafi. Ku bar ni in yi 'yan tambayoyi, ni baƙo ne, ban ga abin da kuka gani ba."

Ya dubi Kwasau. "Sarkin Noma, kai ne mai tsaron dokar nan. Da ya durƙusa zai ƙyasta, me ya hana ka riƙe hannunsa?"

Kwasau ya ce, "Ai ba na wurin, Allah ya gafarta Malam. Ba kowa a wurin. Wanda ya ga wutar nan da idonsa ba zai tsaya ba."

"Har ta kai haka? Na ɗauka burtali ya isa ya tare ta."

Nan fa kowa ya samu bakin magana, don ba mai son a ce tsoro ne ya kai shi rafi. Wannan ya ce ta fi rimi tsayi, wancan ya ce tartsatsinta har cikin gari yake faɗawa. Kwasau ya ɗaga murya a kan tasu ya ce, "Burtali ina, Malam. Mu mun riga mun sallama rumbuna, ta rayukanmu muke yi."

Alƙali ya ce, "Wato kun sallama su."

Suka ce, "Mun sallama."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Jatau ya ce daga bakinka dabarar ta fito. Ina so in san ko wutar nan tana da wasu masu ita. Duk wanda ya ba shi shawara, ko ya miƙa masa ƙyastu, ko da a zuciyarsa ne ya yi na'am da abin da ya yi, ya faɗa yanzu a ware masa kasonsa."

Kwasau ya ce, "Magana ce ta fito, iska ta tafi da ita. Ban ce ya kunna ba. Wutar tasa ce shi kaɗai."

Alƙali bai ƙyale su haka ba. Ya bi masu gida ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa yana tambayarsa ko yana da rabo a wutar Jatau. Kowane ya ce ba ruwansa, wasu har da rantsuwar da ba a nema ba. Jatau yana zaune yana jin muryoyin da ya sani tun yana yaro, kansa a ƙasa.

Da aka gama, alƙali ya ce, "Saura abu ɗaya. Ku karanta mini dokar yadda kakanninku suka bar ta, kada ku ƙara kada ku rage."

Suka haɗa baki suka ce, "Wuta ta mai kunna ta ce, abin da ta haifa nasa ne."

Ya ce, "Abin da ta ci, ko abin da ta haifa?"

Kwasau ya ce, "Abin da ta haifa, Allah ya gafarta Malam. Haka take."

Alƙali ya ce, "Madalla. Kakanninku sun san abin da suka faɗa. To ku saurara. Na zaga na duba, na ga wutar Jatau tagwaye ta haifa. Ga Hassana can," ya nuna gonar Arzika, "toka ce da yunwar gida guda. Ga Husaina nan," ya nuna rumbuna, "abincin gari ne da kuka shaida da bakinku kun riga kun sallama shi, wutar nan ta dawo da shi duniya. Kun shaida kuma uban tagwayen nan ɗaya ne, ba wanda ya taya shi. Sai kuka ɗauko Hassana kuka ajiye masa a ƙofa, kuka riƙe Husaina a gidajenku. Ban san garin da ake raba tagwaye haka ba. Hukuncina shi ne, dokarku tana nan daram. Asarar Arzika a wuyan Jatau take, zai biya ta har ƙwayar ƙarshe. Rumbunan da ke bayan burtalin nan kuwa, da abin da ke cikinsu, na Jatau ne. Daga ciki zai biya, abin da ya rage ya yi yadda ya so da shi."

Sai da maganar ta ɗan jima a iska kafin ta sauka. Da ta sauka, Kwasau ne ya fara rarrafowa gaban buzu, ya manta da babbar riga. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi mini aikin gafara, tsufa ne ya sa na yi mantuwa. Ni na fara cewa a tare ta da 'yar'uwarta, Jatau ma ya shaida. In ana maganar masu wuta, ni ne na farko." Wani daga baya ya ce shi ma tun a rafi zuciyarsa ta yi na'am. Wani ya ce da ƙyastun Jatau ya ƙi kamawa, nasa yana nan a shirye. Kafin a jima ba wani mai gida da bai samo wa kansa dangantaka da wutar ba.

Alƙali ya bar su sai da suka gaji. Sannan ya ce, "Ɗazu uba ɗaya gare ta, yanzu ta yi ubanni cike da gari. Na karɓi shaidarku ta biyu, don ita ce ta fi kusa da gaskiya, ko da ba son gaskiya ne ya fito da ita ba. Tunda wutar taku ce duka, tagwayen ma naku ne duka. Kowa ya riƙe rumbunsa, kowa kuma ya ɗauki kasonsa na toka, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kowane gida zai fitar da dawa gwargwadon girman abin da aka cetar masa, mai manyan rumbuna ya fi fitarwa, har sai rumbun Arzika ya cika kamar shekarar da ba a yi wuta ba. Jatau ma zai fitar da nasa kason, gida ne cikin gidaje. Gonarsa kuwa tasa ce, ba mai taɓa ta. Wanda ya kunna wa daji wuta don gafiya, wutarsa toka kaɗai za ta haifa, shi dokar za ta ci shi yadda ta saba."

Da igiyarsu aka ɗaure su. Alƙali ya tsaya har ya ga an fara buɗe rumbuna, sannan ya hau alfadarinsa ya koma birni. Labarin hukuncin ya bazu, har a garuruwa masu nisa ana ba da shi ana yaba hikimar Malam Hambali. Yawanci a nan masu ba da labarin suke tsayawa, don nan ne ya fi daɗin ji, amma ba nan ya ƙare ba.

An cika rumbun Arzika, gaskiya ne, ko da yake kowa damin da ya fi ƙanƙanta ya zaɓo, wasu ma na bara ne da ƙwari suka fara. Gidansa bai kwana da yunwa ba. Amma tun daga ranar mutanen Kwarin Gamba suka daina iya haɗa ido da Jatau. In ya zo dandali zance ya mutu, in ya wuce a bi shi da "uban tagwaye" ƙasa-ƙasa. Bai yi musu komai ba, ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba. Laifinsa kawai yana wurin lokacin da kowannensu ya ce ba ruwansa, yana wurin kuma lokacin da suka lashe amansu.

Hannuwansa suka warke, amma a lanƙwashe suka warke, yatsun ba sa rufuwa a kan ƙotar hauya. Da ruwa ya sauka, Tabawa da yaran suka yi shuka, shi yana bin su yana rufe rami da ƙafa. Da ciyawa ta taso ta fara shaƙe shukar, ba yadda za su yi sai gayya, wato a kira maƙwabta su taru su nome gonar a yini ɗaya, mai gona ya ciyar da su, kamar yadda ake yi wa kowa a garin. Jatau ya bi gida gida ya faɗa, kowa ya ce in Allah ya kai mu. Tabawa ta sayar da akuyarta, ta yi tuwo da miya mai nama, ta dama fura cike da ƙwarya, aka kai gindin bishiya a bakin gona.

Hantsi ya ɗaga ba kowa. Rana ta take, tuwo ya fara sanyi. Ashe ranar ce kowa ya tashi da ciwon baya, ko suruki ba lafiya a wani gari. Tabawa ta zauna kusa da akusan ta rufe fuska da gyale, Jatau kuma yana tsaye yana duban hanya, ko da yake ya riga ya gane.

Can sai ga mutum ɗaya tafe da hauya a kafaɗa. Arzika ne. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya tuɓe riga ya rataye, ya kama kunyar farko.

Jatau ya bi shi ya ce, "Yaya, kai ne ka zo?"

Arzika bai ɗago ba. Ya ce, "Kada ka ɗauka na manta. Har yau in na rufe ido ina ganin dawata tana ci, ina ganin bayanka kana gudu da wuta a hannu. Ban san ranar da zai bar ni ba."

"To me ya kawo ka?"

Arzika ya tsaya, ya dogara da hauyar, ya dubi hanyar gari da ba kowa a kanta. Ya ce, "Ni kaɗai ne a garin nan nake iya kallon idonka, Jatau, don ni cuta ta ka yi. Su kuwa ceton su ka yi, ba za su yafe maka ba."

Ya sunkuya ya ci gaba da noma. Jatau ya durƙusa a bayansa yana tuge ciyawa da abin da ya rage masa na yatsu. A wannan rana da sauran ranakun da Arzika ya iya rabowa daga tasa gonar, abin da suka nome bai kai rabi ba. Ragowar ta koma wa gamba, kuma ba a sake noma ta ba har Jatau ya bar duniya. Gonar da shari'a ta hana mutane karɓa, ciyawa ta karɓe ta a hankali, ba mai ƙara ba mai shaida.

An ce da labarin gayyar ya kai kunnen Malam Hambali a birni, ya sa aka maimaita masa shi. Sannan ya ce a daina yaba masa a kan shari'ar Kwarin Gamba, don rabin aikin kawai ya iya. Daga bakinsa aka samo maganar da dattawa ke faɗa har yau in an yi wa mutum adalci a gaban shari'a aka kuma juya masa baya a gari: alƙali yana iya buɗe rumbun mutum ya fitar da dami, amma ba ya iya buɗe ƙirjinsa ya fitar da godiya.